Idan Aka Juya Wa Ƙwan LED Waya: Turin Baya Da Matakin Ɓallewa

Ɗan jan ƙwan nan da ke jikin soket mai doguwar waya, wanda ake jona cajar waya a kansa, yakan fara dusashewa bayan wani lokaci, daga baya ya mutu gaba ɗaya, alhali soket ɗin yana nan yana ba da wuta lafiya lau. Ba kowa ke damuwa da wannan ba. Sai dai abin da ke kashe wannan ɗan ƙwan, a lokuta da yawa, shi ne dai yake kashe fitilun ado da matasa ke liƙa wa babura, shi ne kuma yake sa mai gyaran waya ya canja wa mutum ƙwan filasha yau, bayan sati biyu a dawo masa da wayar ana faɗa. Sunan abin turin baya, wato ƙarfin lantarkin da ke tunkarar ƙwan LED ta ɓangaren da ba a yi shi don ya karɓi wuta ta nan ba.

Wannan darasi zai tsaya a kan tambaya ɗaya: bolt nawa ƙwan LED zai iya jurewa ta baya kafin shingensa ya ɓalle, kuma me ke faruwa idan ya ɓalle?

Ƙofa mai buɗewa ta gefe ɗaya

Harafin D da ke ƙarshen sunan LED yana nufin dayod. Dayod kuwa ƙofa ce mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya, ta hana ta dawowa. A cikin kowane ƙwan LED akwai ɗan ƙwayar sinadari da bai kai ƙwayar gero ba, mai ɓangarori biyu a manne. Ɓangare ɗaya, wanda ake kira N, yana da rarar elektron. Ɗayan, wanda ake kira P, yana da gurabe da ke jiran elektron su cike su. A daidai inda suka haɗu akwai siririn fili da ya zama kamar shinge tsakaninsu.

Idan aka jona doguwar ƙafar ƙwan, wato anod, da fozitif na batir, gajeriyar ƙafar kuma, wato katod, da negetif, sai shingen ya sirance, elektron su tsallaka su faɗa cikin guraben, kowanne ya saki ɗan haske. Wannan shi ne turin gaba. Jan ƙwai yana buƙatar wajen bolt 1.8 zuwa 2.2 kafin ya kama, shuɗi da fari kuma wajen bolt 3 zuwa 3.4. Ƙananan ƙwai masu faɗin milimita 5 da ake sayarwa a kasuwa an tsara su ne su ɗauki miliamfiya 20, shi ya sa ake haɗa su da rezista don ta rage musu wuta.

Idan aka juya wayoyin, labari ya canja. Batir zai janye elektron da gurabe nesa da mahaɗar, shingen ya ƙara faɗi, wuta ta tsaya. Ƙwan ba zai kama ba. Amma tsayawar ba ɗari bisa ɗari ba ce, akwai ɗan yoyo da ke wucewa, wanda a lafiyayyen ƙwai bai kai ko maikro'amfiya ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya. Duk turin da batir ke yi yana jibge ne a kan wannan siririn shinge, kamar yadda ruwan damina ke jibgewa a bayan madatsar ruwa. Kuma kamar madatsar, akwai matakin da in aka kai shi, sai ta ɓalle.

Yadda shingen ke ɓallewa

Hanyoyi biyu ne. Ta farko tana ɗauke da sunan Clarence Zener, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya yi bayaninta a 1934. Idan shingen siriri ne ƙwarai, turin baya yakan yi ƙarfin da zai fizgo elektron kai tsaye ta cikinsa, ba tare da sun tsallake ta sama ba. Wannan ya fi faruwa a ƙananan bolt, ƙasa da 5 ko 6 a dayod ɗin silikon.

Hanya ta biyu ta fi kama da turmutsitsi. Ɗaya daga cikin 'yan elektron ɗin da ke yoyo zai samu gudu sosai saboda ƙarfin turin, ya bangaji wata ƙwayar zarra, ya fitar da wani elektron daga jikinta. Su biyun su ƙara gudu, su bangaji wasu, su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Cikin ƙiftawar ido yoyon da ba a iya aunawa sai da mita mai kyau ya zama kwarara. Wannan ce ta fi faruwa a manyan bolt.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, ɓallewar kanta ba ita ke kashe dayod ba. Akwai dayod da ake kira Zena, wanda aikinsa kenan dare da rana, a jona shi ta baya ya zauna a matakin ɓallewa yana tsare bolt a wuri ɗaya, kuma yana shekaru a haka. Abin da ke kisa shi ne zafi. Zafin da ke taruwa a cikin ƙwayar daidai yake da bolt sau kwararar wuta. Jan ƙwan da ke ɗauke da miliamfiya 3 ta gaba a kan bolt 2 yana cin miliwat 6 ne kacal, wani kaso ma ya fita a matsayin haske. In kuwa ya ɓalle ta baya a bolt 30, a misali, miliamfiya 3 ɗin nan dai ta zama miliwat 90, ninki goma sha biyar, kuma kusan duka zafi ne. Ƙari a kan haka, wutar gaba tana bazuwa a faɗin ƙwayar, ita kuwa wutar baya takan bi ta wuri mafi rauni, ta cunkushe a ɗan ɗigo ɗaya. An ƙera Zena ne yadda zai raba wannan nauyi daidai. Ba a ƙera LED haka ba, don masu ƙera shi haske suke nema.

Bolt 5 ɗin da ke cikin takardar kamfani

Kowane ƙwan LED na kamfanin kirki yana da takardar bayani da ake iya saukewa a intanet. A jadawalin iyakoki za a ga layi mai alamar VR, wato turin baya, kuma a mafi yawan ƙananan ƙwai lambar da ke gabansa 5V ce. Ƙasa kaɗan akwai IR, yoyon baya, inda aka saba rubuta cewa bai wuce maikro'amfiya 10 ba a kan bolt 5.

Idan aka kwatanta da dayod na yau da kullum, wannan lamba abin tausayi ce. 1N4148, ɗan mitsitsin dayod mai jikin gilashi, yana jure bolt 100 ta baya. 1N4007, baƙin nan mai zobe fari da ke cikin tsofaffin caja, yana jure bolt 1000.

A nan ne gardama ke tashi. Wani zai ce ya sha juya ƙwai a kan batir mai bolt 9, ko ma 12, ya gyara wayar ya kama lafiya, saboda haka maganar bolt 5 tatsuniya ce. Abin da ya gani gaskiya ne. Da yawan ƙwai, musamman ja da rawaya, ba sa ɓallewa sai turin ya haura bolt 20, wasu ma sun fi haka nesa. Kuskurensa yana wurin fassara. Bolt 5 ba shi ne wurin da ƙwan ke mutuwa ba, shi ne iyakar da kamfani ya gwada kuma ya ɗauki alkawari. Daga nan zuwa sama babu alkawarin kowa. A cikin leda ɗaya mai ƙwai ɗari, wani zai jure bolt 40, na kusa da shi ya fara yoyo a 12, kuma ba a gane su da ido. Kamfanin bai tantance wannan ba domin ba don wannan aiki ya sayar da su ba. Ga wanda ke wasa da ƙwai ɗaya a kan tebur, wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai haɗa allon talla mai ƙwai ɗari biyar ya karɓi kuɗin mutane, ƙwai biyar masu rauni sun isa su ɓata masa suna.

Akwai kuma lahanin da ba ya bayyana nan take. Wasu kamfanoni suna gargaɗi a takardunsu cewa barin ƙwai a ƙarƙashin turin baya na dogon lokaci, ko da ƙarami ne, yana iya sa ƙarfen da ke cikin ƙwayar ya riƙa sulalewa daga mazauninsa a hankali har ya haɗa hanyar da bai kamata ba, kuma laima tana gaggauta hakan. Su kuwa manyan ƙwai masu ƙarfi, irin na tocila mai haske da nisa da fitilun mota, wasu takardun ba sa ma ba da lamba. Kamfanin Lumileds, alal misali, yakan rubuta kai tsaye cewa ba a tsara ƙwayayensa na LUXEON don a tura musu wuta ta baya ba.

Me ya sa fari da shuɗi suka fi laushi

Jan LED tsohon hannu ne. Nick Holonyak ya haɗa na farko mai jan haske a kamfanin General Electric a 1962. Shuɗi mai haske sosai kuwa sai da aka jira shekara talatin, har zuwa 1993 da Shuji Nakamura ya fitar da shi a kamfanin Nichia na ƙasar Japan. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 saboda wannan aiki. Farin ƙwan da ke cikin filashar waya da tocila da ƙwan ɗaki, a gaskiya shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari mai launin rawaya a sama. Duk wanda ya kalli filashar wayarsa a kashe zai ga wannan rawayan.

Ana yin shuɗin ƙwai da sinadarin galiyam naitiraid, kuma galibi ana shimfiɗa shi ne a kan dutsen safaya. Matsalar ita ce tsarin ƙwayoyin zarran waɗannan abubuwa biyu bai dace da juna ba, bambancin ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari. Kamar a ce an ɗora jerin bulo a kan harsashin da aka auna da wani girman bulo daban. Sakamakon haka akan samu ƙananan tsagu masu ratsa ƙwayar daga ƙasa zuwa sama, miliyoyi ɗaruruwa a faɗin santimita ɗaya. Abin mamakin shi ne ƙwan yana ba da haske mai kyau duk da waɗannan tsagu. Amma idan turin baya ya zo, ta cikinsu wuta ke samun hanya, nan take cunkushewa, nan kuma take ƙonawa.

Wannan ya kawo maganar hunturu. A lokacin sanyi, idan iska ta bushe a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, mutum yakan cire rigar sanyi ya ji tana ƙara tas-tas, ko ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan ja shi. Wannan lantarki ne da ya taru a jiki saboda gogayya. Kafin mutum ya ji wannan jan, turin ya kai wajen bolt 3000. Wutar kaɗan ce kuma ba ta daɗewa, shi ya sa ba ta yi wa mutum komai. Farin LED da ba shi da kariya kuwa, kaso kaɗan na wannan ya isa ya huda shingensa, mutumin bai ma ji komai ba. Kuma ƙwan ya fi rauni idan tartsatsin ya shigo ta baya.

Ƙwan da ya samu irin wannan rauni ba lallai ya mutu a ranar ba, abin da ke ruɗa masu gyara kenan. Ramin da aka huda ya zama wata 'yar ɓarauniyar hanya a gefen ta gaskiya. In aka ba ƙwan cikakkiyar wuta zai kama kamar ba abin da ya same shi. In aka ba shi kaɗan, ɓarauniyar hanyar za ta shanye, ya ƙi kamawa ko ya yi duhu-duhu. Kullum ramin yana ƙara faɗi da zafi, har ranar da ƙwan zai ɗauke. Mai gyara a kasuwa irin ta Farm Centre da ke Kano, wanda ke ajiye ƙananan ƙwai a buɗaɗɗiyar roba yana ɗaukarsu da yatsa a tsakiyar watan Janairu, yana iya sa wa mutum ƙwan da ya riga ya ji rauni tun kafin dalma ta taɓa shi. Maganin ba tsada: a bar ƙwai cikin ledarsu mai ƙyalli da suka zo da ita, a riƙa taɓa wani ƙarfe babba kafin a ɗauke su, a kuma yi amfani da ƙarfen narka dalma mai wayar ƙasa idan da hali.

Saboda wannan laushi, kamfanoni da dama suna dasa ɗan dayod na kariya a cikin gidan ƙwan, a jone ta baya. Wannan yana da wani sakamako da ya kamata a sani. Idan aka auna irin wannan ƙwai da mita ta baya, ba zai nuna a rufe ba, zai nuna wata ƙaramar lamba, mai gyara ya zaci ya lalace ya jefar da lafiyayyen kaya. In kuma aka juya masa batir ba tare da rezista ba, ɗan dayod ɗin kariyar ne zai kwashi wutar gaba ɗaya ya ƙone, domin an sa shi ne don tartsatsi na ɗan lokaci.

Inda turin baya ke fitowa a zahiri

A cikin wayar hannu da ba a buɗe ta ba, babu abin damuwa. Injiniyoyi sun riga sun tsara yadda filasha da fitilun bayan sikirin ba za su ga turin baya ba. Matsalar tana farawa ne idan aka buɗe. A wayoyi masu sikirin LCD, fitilun baya jere suke a layi, kuma akwai da'irar da ke ɗaga wutar batir daga bolt 3.8 zuwa sama da 15 don ta kunna su. Ƙwai ɗaya da aka manna a juye a wannan layi zai tare hanyar, kusan duk wannan turin ya sauka a kansa shi kaɗai.

Wayar USB tana ba da bolt 5, daidai kan iyaka, don haka kuskuren juya waya a kan fawa bank ba kasafai yake ɓarna ba. Cajoji masu saurin caji suna iya kai bolt 9, 12, har 20, amma ba sa ɗagawa sai na'urar da aka jona ta nemi hakan. Wanda ya sayi ɗan allon da ke tilasta wa caja ta ba da bolt 20 don wani aiki nasa, shi ya fita daga wannan kariyar.

Fitilar ado mai kama da ɗamara, wadda ake liƙawa a babur ko Keke Napep ko bangon shago, tana aiki da bolt 12, kuma an jera ƙwai uku-uku da rezista ɗaya. In aka juya ta, a lissafi kowane ƙwai zai ɗauki bolt 4, shi ya sa galibi take tsira. Sai dai rabon ba ya zuwa daidai. Ƙwan da ya fi kowa rufewa da kyau, wato mai ƙarancin yoyo, shi ne yake ɗaukar kaso mafi girma. Ga shi kuma batirin abin hawa yana kai wajen bolt 14 idan inji na aiki.

Babban tarkon yana wurin babur. A yawancin ƙananan babura, wutar babbar fitilar gaba ba daga batir take zuwa ba, daga koyil ɗin inji take, kuma wutar AC ce, mai juyawa gaba da baya. Tsohon ƙwai mai zare bai damu da wannan ba, ta ko'ina wuta ta zo zai yi haske. Wanda ya jona ɗamarar LED a wannan layi zai ga ta kama, tana ɗan rawa idan inji ya yi sanyi, ya ɗauka aiki ya yi. A zahiri rabin lokaci ƙwayayen suna shan turin baya, kuma yana iya ƙaruwa idan aka murza totur. Daidai shi ne a ɗauko wutar daga layin batir ta bayan makulli, ko a sa gadar dayod huɗu a tsakani. Hon da sitata da rile su ma suna harbo turi mai juyayyen kai a duk lokacin da aka yanke musu wuta, don haka dayod ɗaya na 1N4007 a kan wayar fozitif ta fitilar ba asara ba ce.

Gwajin da za a iya yi a gida

Maltimita a kan alamar dayod tana tura bolt 2 zuwa 3 ne da wuta kaɗan. Ta gaba, jan ƙwai zai ɗan yi haske mitar ta nuna wajen 1.7. Ta baya za ta nuna OL ko 1, alamar a rufe yake. Wannan ya isa a gane ƙafafu, ya kuma isa a kama farin ƙwai mai rauni: in ta gaba ya nuna ƙasa da bolt 2, akwai alamar ɓarauniyar hanya a cikinsa. Amma mitar ba ta kai matakin ɓallewa ba.

Mai son ganin matakin da idonsa yana buƙatar batir uku masu bolt 9, rezista mai om dubu ɗari, wato 100k, da ƙwayayen da ya yafe. A jera batiran su ba da bolt 27. Daga fozitif a bi ta rezista zuwa gajeriyar ƙafar ƙwan, doguwar ƙafar kuma ta tafi negetif. Rezistar ta tabbatar ko ƙwan ya ɓalle, abin da zai wuce bai kai miliamfiya 0.3 ba. Sai a sa mitar a kan bolt na DC a auna tsakanin ƙafafun ƙwan biyu. In ta nuna kusan 27, ƙwan yana riƙe da turin gaba ɗaya, bai ɓalle ba. In ta tsaya a 18, a misali, to nan ne matakinsa: ragowar bolt 9 suna kan rezista, wato maikro'amfiya 90 na wucewa. Ana iya farawa da batir ɗaya, a ƙara na biyu, a ƙara na uku, ana rubuta abin da aka gani. Idan aka gwada ja guda biyar da fari guda biyar, bambancin da ke tsakanin 'yan leda ɗaya zai bayyana fiye da duk bayanin da ke sama.

A rufe ƙwan da hula ko baƙin tef lokacin gwajin. LED da aka jona ta baya yana jin haske, yoyonsa yana ƙaruwa idan rana ko fitila ta haska shi, har wasu masu ƙirƙira suna amfani da shi a matsayin idon gane haske. Ƙwan da aka yi wa wannan gwaji kuma kada a mayar da shi cikin kayan sayarwa ko kayan wani.

Komawa ga jan ƙwan soket

Wutar NEPA AC ce mai bolt 230, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Lambar 230 matsakaici ce, ƙololuwar kowane zagaye tana kai wajen bolt 325. Wasu soket suna amfani da ɗan ƙwan niyon mai ruwan lemo, wanda bai damu da gaba ko baya ba. A masu arha da ke amfani da LED kuwa, sau da yawa abin da ke ciki rezista ce ɗaya da ƙwai ɗaya, shi ke nan.

A rabin zagayen gaba, rezista mai 100k tana barin wajen miliamfiya 3 ta wuce, ƙwan ya yi haske. A rabin zagayen baya ƙwan ya rufe, tunda kuma babu wuta mai wucewa, rezistar ba ta rage komai, turin yana hawa a kan ƙwan har sai ya ɓalle. Babu LED da zai riƙe bolt 325. Daga nan rezistar ta hana wutar yin yawa, shi ya sa ba ya fashewa nan take. Amma yana ɓallewa sau 50 a kowace daƙiƙa, wato sau 180,000 a awa ɗaya, kowane karo da ɗan zafinsa a wuri mafi rauni. Dusashewar da ake gani kenan.

Gyaran dayod ɗaya ne. A manna 1N4148 a kan ƙafafun ƙwan biyu, kai da ƙafa, wato zobensa yana kallon doguwar ƙafar LED. A zagayen baya wutar za ta bi ta cikinsa, turin da ƙwan zai gani ba zai wuce bolt 0.7 ba. Wasu suna sa 1N4007 a jere da ƙwan a maimakon haka, yana aiki, amma na kai da ƙafa ya fi tabbas, domin a jere dayod biyun suna raba turin ne gwargwadon yoyonsu, kuma ba a san rabon da zai faɗo wa LED ba. Ana ma iya sa LED na biyu a madadin dayod ɗin, kowanne ya kare ɗan'uwansa, a samu haske a zagaye biyun. Haka aka yi ƙwan nan mai ƙafa biyu da ke ba da ja ko kore gwargwadon yadda aka juya masa wuta.

Rezistar ma tana da nata lissafin. Mai 100k a kan bolt 230 tana cin fiye da rabin wat, don haka ƙarama mai rubu'in wat za ta yi zafi ta ƙone, kuma irinta ba a yi ta don turin da ya wuce bolt 250 ba. Gara a jera guda biyu masu 56k, kowace mai rabin wat.

Wannan ɓangare na wutar gida an kawo shi ne don a fahimci lissafin. Kowace waya da ke cikin soket ɗin, har da ƙafafun ɗan ƙwan da ke bayan rezista, tana iya kashe mutum idan soket ɗin na jone, ko da wutar janareta ce ko ta inbata. Wanda bai koyi aikin wuta a hannun gwani ba ya tsaya a kan batir, soket ɗin kuma ya kai wa mai gyaran lantarki tare da 1N4148 ɗinsa a hannu.